Dan Allah masu sani, me zan koya wa ɗalibaina akan majinyacin da aka kawo da ankwa?

Malamar Jinya:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema musamman wajen likitoci da lauyoyi, in ma akwai ɗan sanda a nan wlh zan fi so. Ni nas ce, na yi shekara 11 a asibiti kafin na koma koyarwa a wata makarantar jinya, toh shine shugabar sashenmu tace in shirya darasi na awa biyu ga 'yan ajin ƙarshe akan azabtarwa, saboda ranar 26 ga Yuni da duniya ke tunawa da waɗanda aka azabtar. Na shiga intanet na ga yarjejeniyar hana azabtarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984, har sashe na 10 yace dole ƙasa ta sa wannan magana cikin horon 'yan sanda da ma'aikatan lafiya da duk mai hulɗa da wanda ake tsare da shi, kuma Najeriya ta shiga ciki tun 2001. Ni dai duk karatun da na yi ba malamin da ya taɓa ce mana ko kanzil akai.

Abin da yasa abun ya tsaya min a rai kuwa, wani dutin dare ne a imajensi wajen ƙarfe biyu, 'yan sanda biyu suka shigo da wani yaro da bai fi shekara 22 ba, ankwa a hannunsa, baya iya taka ƙasa sai riƙe shi suke. Suka ce dirowa yayi daga mota zai gudu. Na tambaye shi, ya ɗaga ido ya kalli wanda ke tsaye a kaina yace eh haka ne. Na rubuta a kati ya faɗo daga mota, na wanke masa ciwon wuyan hannu, likita yana tiyata na aika aka ce a bashi maganin ciwo, na yi masa allurar diclofenac. Kafin su tafi ya nemi yin fitsari, na ga abin da ya fito kamar baƙin shayi, nace a raina ƙila shawara ce. Bayan kwana uku aka dawo da shi ƙoda ta tsaya, aka tura shi babban asibiti wankin ƙoda, daga nan ban ƙara jin labarinsa ba.

Wanda ya faɗo daga mota ai gwiwa da gwiwar hannu ke ƙujewa, shi kuwa tafin ƙafarsa ne ya kumbura suntum. Na gani da idona amma na rubuta abin da aka faɗa min.

Toh tambayata, me zan koya wa yaran nan da zai musu amfani ranar da abun ya zo kansu, ba dogon turanci ba? Kuma tsorona kar in cusa wa yarinya 'yar shekara 20 jarumtar da za ta jefa ta cikin bala'i, ita kaɗai a dutin dare da mai bindiga a kanta.

Likitan Ƙauye:

Wa alaikumus salam Sista. Ki daina cin kanki da wancan daren, duk wanda ya daɗe a imajensi yana da irin katin nan a wuyansa, ni kaina ina da su ba ɗaya ba. Shawarata tarihin yarjejeniya ki bashi minti biyar ya isa, sauran lokacin ki koya musu rubutu a kati.

Akwai kundin yadda ake bincike da rubuta shaidar azabtarwa da ake kira Ƙa'idar Istanbul, ya fito a 1999 aka sabunta shi a 2022, kauri gare shi kar ma ki ce za ki karanta musu. Abin da za ki tsamo daga ciki shine raba abin da aka faɗa miki da abin da idonki ya gani. Kuskurenki a daren nan ba wai kin ƙi rubuta an dake shi bane, ai baki ga dukan ba. Kuskuren shine kin ɗauki maganar ɗan sanda kin mai da ita taki. Da cewa kika yi: ɗan sandan da ya kawo shi yace ya faɗo daga mota, majinyaci ya amsa da eh a gaban ɗan sandan, na ga tafin ƙafa biyu a kumbure baya iya takawa, babu ƙujewa a gwiwa ko gwiwar hannu, akwai ciwo ya zagaye wuyan hannu biyu, fitsari baƙi-baƙi, sai kwanan wata da lokaci da sa hannunki. Kinga baki zargi kowa ba, ba mai zuwa yace kin masa ƙazafi, amma duk likita ko alƙalin da ya karanta ya san inda aka dosa.

Sannan ki nuna musu alamomin. Dukan sanda ko wayar wuta yana barin layi biyu a jere da fili a tsakiya, kamar layin dogo, don jinin yana gudu gefe ne. Marin kunne biyu lokaci guda yana fasa dodon kunne. Wanda aka ɗaure hannuwa ta baya aka rataye zai zo kafaɗa ta saki, hannu ya mutu ko yatsu suna masa jin-jin, jijiyoyin da suka taso daga wuya ne suka miƙe. Ankwar da aka matse tana kashe bayan babban yatsa. Wani abu kuma da hotunan littattafan waje basa nunawa, a fatarmu taruwar jini bata fitowa ja ko shuɗi yadda suke zanawa, dole ki sami haske mai kyau ki sa hannu ki taɓa, ki ji kumburi da inda yake zabura. Kar su ce kusa da gwiwa kawai, su sa rula su auna, su zana mutum a bayan kati su yi alama. Kuma kar su yi ƙoƙarin faɗin kwana nawa ciwo yayi ta kallon launinsa, wannan ba abin dogaro bane, lauya zai yi kaca-kaca da su a kotu.

Ƙa'idar ta bamu matakai biyar na faɗin ra'ayi, wannan ya fi shafar likita amma gara su sani: ko ciwon bai dace da labarin ba sam, ko ya dace amma abubuwa da yawa na iya jawo shi, ko ya dace sosai, ko irin wanda aka saba gani ne a wannan nau'in duka, ko kuma ba abin da zai iya jawo shi sai abin da mutumin ya faɗa. Kuma ki jaddada musu rashin tabo baya nufin ba a yi komai ba. Hana barci, tsayuwar dole, toshe numfashi da leda, cewa za a kamo uwarka, duk basa barin tabo, masu yi ma sun fi mu sanin haka.

Maganar fitsarin nan kuwa ita ce za ta ceci rai nan take. In aka daki tsoka da yawa, cinya, ɗuwawu, baya, sai naman ya narke ya saki wani sinadari cikin jini ya je ya toshe ƙoda. A tsinken gwajin fitsari za ki ga ya nuna jini, amma in an duba a madubin lab ba ƙwayoyin jini. Wannan mutum ƙarin ruwa yake buƙata da gaggawa da gwajin ƙoda da kwanciya, kuma diclofenac da danginsa ƙara wa ƙodar nauyi suke. Ba don in ƙara miki damuwa na faɗa ba, ni ma na taɓa rubuta shi.

Batun tsoro, ba wanda yace ta yi faɗa da mai bindiga. Ta ce Yallaɓai zan tuɓe shi ne in duba, dan Allah ɗan tsaya daga bakin ƙofa. Yana hango su ba komai, in dai baya jin maganar. Yawancinsu suna fita. In majinyacin ya buɗe baki ya faɗa, ta rubuta da kalmominsa, kuma kar ta ruga ta kai rahoto ba tare da ta tambaye shi ba, domin ita gida za ta tafi da safe shi kuwa sel zai koma.

In kina son labarin da zai kama su ki basu na Steve Biko, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. A 1977 'yan sanda suka ji masa ciwo a ka a garin Port Elizabeth, likitocin gwamnati biyu suka duba shi, ɗaya ya rubuta takarda bai ga wata matsala ba, ɗayan ya yarda a ɗauke shi a bayan mota tsirara tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa Pretoria, ya mutu ranar 12 ga Satumba. Sai 1985 aka hukunta su, shi ma don wasu likitoci sun kai hukumar likitocin kotu ne. A 1985 ɗin kuma a Port Elizabeth dai, wata matashiyar likita Wendy Orr ta tattara bayanan ciwukan tsararrun da take dubawa ta kai kotu, kotu ta ba da umarnin a daina dukansu. Katunan da ta cika ne suka yi aikin.

Baba Mai Ritaya:

'Yata sannu da ƙoƙari, kin ce kina son ɗan sanda toh ga ni, shekara 35 na yi da kaki. Jikana ne ke min rubutun in kun ga kuskure nasa ne.

Bita kam mun sha ta. A kai mu otal kwana uku, a kunna furojekta, wani ya zo yayi ta haƙƙin ɗan adam haƙƙin ɗan adam, mu tafa, a bamu satifiket da kuɗin mota, Litinin ka dawo caji ofis ba man mota, ba kayan ɗaukar zanen yatsa, takardar rubuta sitetimen ma mai ƙara ne zai sayo, ga oga yana cewa kafin jibi yana son sakamako. Kuma abin da mutane basa so a faɗa, mai ƙarar da kansa ne zai ja ka gefe yace Yallaɓai a ɗan matsa shi mana ai ba zai faɗa ta daɗi ba. In baka matsa ba ya fita yana cewa ka ci kuɗin ɓarawo. Yaro kuma duk abin da ya koyo a kwaleji, sati biyunsa na farko tsofaffin hannu za su wanke masa shi tas.

Zan faɗi nawa tunda Dakta ya faɗi nasa. An taɓa kawo mana wani yaro akan satar babur, mai babur ɗin mai hali ne kuma yana da hanya wajen manya. Aka shiga da yaron ɗakin baya. Ba ni na riƙe kulkin ba amma ni na riƙe biro. Kafin magariba ya amsa, har ya ba da sunan abokansa uku, muka kwaso su muka kai kotu aka tura su gidan yari jiran shari'a. Bayan sati uku aka kama babur ɗin a wani gari hannun mutumin da bai taɓa sanin yaran nan ba. Sunayen da ya bayar ashe waɗanda suke ƙwallo tare ne, su suka fara zuwa bakinsa. Sati ukun nan da muka yi muna murna mun gama aiki, ɓarawon gaskiya yana can yana sana'arsa.

Bitar da ta taɓa amfanata guda ɗaya ce, kuma mutumin bai ce mana ku ji tausayi ba ko sau ɗaya. Tsohon mai bincike ne, ya koya mana salon tambaya da 'yan sandan Ingila suka koma yi bayan sun sha kunya, irin shari'ar mutum shida na Birmingham da suka yi shekara 16 a kurkuku akan amsa laifin da aka tilasta musu, sai 1991 aka sake su. Yace ka shirya kafin ka shiga, ka san me ke hannunka amma kar ka nuna. Ka bar mutum yayi ta zuba kar ka katse shi. Sannan ka bi ka rurrufe ƙofofin da zai fita: wayar nan taka ce, eh, kana ba wani aro, a'a wallahi ko matata, ka taɓa zuwa unguwa kaza, ban ma san hanyar ba. Sai ya gama rantse-rantsensa ka ajiye masa shaidar a gabansa. Mai gaskiya labarinsa zai tsaya duk ta inda ka juya shi, maƙaryaci shi zai ɗaure kansa. Aka sa mu gwadawa biyu-biyu har sai da bakinmu ya saba. Na dawo na gwada akan wani mai damfara, ban ɗaga murya ba, kuma shari'ar ta tsaya a kotu don ba lauyan da ya iya cewa an taɓa shi.

Shi yasa nake ce miki in za ki cire wa mutum abu a hannu ki sa masa wani. Ɗalibanki ma haka, ki sa su gwada da bakinsu, kar ki tsaya kina musu wa'azi. Kuma ki faɗa musu sirri ɗaya, ɗan sandan da ya kawo mutum asibiti tsakar dare a tsorace yake, gudun kar ya mutu a hannunsa ne ya kawo shi. In nas ta tsaya tace wannan sai an kwantar da shi in ba haka ba ku sa hannu kun ɗauke shi ba da yardar asibiti ba, ba ƙaramin ɗan sandan da zai so sa hannun nan.

Dan Kasuwar Waya:

Wlh ku kuna da lokaci. Kanina aka soka wa wuka akan wayar da bata kai dubu hamsin ba yana dawowa daga sallar isha, ya bar mata da yara biyu, su waye suka yi masa bitar hakkinsa? Kullum hakkin barawo hakkin dan daba, wanda aka kashe fa? Kuje ku tara yan kwacen waya ku koya musu tukunna. Ni dai in an kama su a jibge su kawai, wasu in ba su ji a jikinsu ba bazasu taba fadin inda sauran suke ba, kuma kowa a nan ya san haka ana dai boyewa ne saboda a ce an waye. Baba kayi hakuri amma zamaninku daban.

Barista Hajiya:

Ɗan'uwa Allah ya jiƙan ƙaninka ya raya abin da ya bari. Zan dawo kanka amma bari in fara da Malama.

Malama abin da ya kamata ɗalibanki su sani a ɓangarenmu bashi da yawa. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana azabtarwa tun da can, amma sai a Disamba 2017 aka sa hannu a dokar da ta mai da ita laifi mai zaman kansa, ɗauri har shekara 25, in mutum ya mutu kuma tuhumar kisa ce. Dokar tace ba uzurin yaƙi ko dokar ta-ɓaci, ba kuma oga ne ya sa ni. Baba kayi haƙuri, a ƙarƙashinta wanda yake tsaye a wurin ma yana ciki, wato mai biron nan. Abin da ya shafe ku kai tsaye shine ta ba wanda aka tsare haƙƙin likita ya duba shi, har likitan da ya zaɓa da kansa. Kenan nas ɗin da tace a fita zan duba shi ba alfarma take roƙo ba.

Sai dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu. Ta hana kama wani a madadin wani, tace in mutum zai amsa laifi a ɗauka a bidiyo ko a yi a gaban lauyansa, kuma tace majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata yana duba waɗanda ke bayan kanta. Dokar shaida ta 2011 kuma sashe na 29 tace amsa laifin da aka samu ta hanyar gallazawa kotu ba za ta karɓa ba. A takarda dai ba abin da muka rasa. A aikace kuwa ni dai ban taɓa tsayawa a shari'ar da aka gurfanar da jami'i da dokar 2017 ba, kuma rundunar 'yan sanda ta SARS da aka yi ta zargi da azabtarwa sai Oktoba 2020 aka rusa ta, shekara kusan uku kenan da yin dokar.

Ga inda katinku ke shigowa. In wanda nake karewa yace dukana aka yi na sa hannu, alƙali zai tsayar da shari'ar a yi wata ƙarama a cikinta don a gano ko da son ransa ya amsa. Lokacin an yi wata takwas ko shekara, ciwo ya warke, ɗan sanda ya rantse bai taɓa shi ba, magana ta zama tawa da taka. Sau nawa ina zuwa asibiti neman kati, in an yi sa'a an same shi sai in ga layi ɗaya, ciwon jiki, an ba da magani. Wlh ranar da na samu wanda wata nas ta rubuta girman kowane ciwo da inda yake da wanda ya kawo shi kamar in je in rungume ta. Dan Allah ki ce su rubuta sunan ofishin da aka kawo shi daga can da lokacin, kuma rubutun ya karantu, wannan ma roƙo ne na musamman ga su Dakta.

Akwai binciken da ƙungiyar hana azabtarwa ta APT da ke Geneva ta ɗauki nauyi ya fito a 2016, an duba ƙasashe 16 na tsawon shekara 30, abin da aka ga ya fi rage azabtarwa shine abin da ake yi a aikace a awannin farko na kamu, a sanar da dangi, lauya ya shigo, likita ya duba. Shi yasa nake ganin ku da masu zuwa caji ofis daga hukumar ba da tallafin shari'a kun fi mu da ke jira a kotu tasiri. Salon tambayar da Baba ya kwatanta ma yanzu an tattara shi a 2021 da sunan Ƙa'idojin Mendez, sunan wani lauya ɗan Ajantina da shi kansa jami'an tsaron ƙasarsa suka azabtar.

Ɗan'uwa mai waya, ni ba zan ce maka ka ji tausayin wanda ya kashe ƙaninka ba. Amma na ga fayil da yawa da ba komai a ciki sai sitetimen ɗin amsa laifi, ba wuƙa ba shaida ba bin sawun wayar, don an ga ya amsa an ɗauka aiki ya ƙare. Ranar da kotu ta yar da sitetimen ɗin shikenan fayil ya zama fanko, mutumin ya fito ya dawo unguwarku.

Ɗan Damagaram:

Salamu alaikum, ni daga Nijar nike, ina aiki likita. Wajenmu in za a fidda mutum daga hannun 'yan sanda ko jandarma a kai shi gaban mai shari'a, doka ta ce a haɗa da takardar likita mai nuna ba a taɓa lafiyarshi ba. Abu ne mai kyau amma Malama ki gaya ma yaranki haɗarin da ke ciki, in ma'aikaci bai san abin da zai duba ba ko ya sa hannu mutumen na tsaye da riga da wando ga jami'i a gefe, to takardar nan ta koma wanke wanda ya yi dukan. Gara babu takarda da irin wannan. Ni dai in ban tuɓe mutum na ga bayanshi da tafin ƙafarshi ba, ba ni sa hannu, ko a ce ina da taurin kai.

Baba Mai Ritaya:

Barista na karɓa, ai shi yasa na faɗa da bakina. Ɗana mai waya ba haƙurin da za ka bani, zafin da kake ji gaskiya ne, kuma zamaninmu ba daban bane, irin maganarka muke yi. Tabbas in ka daki mutum zai yi magana, wannan ba musu. Matsalar mai laifi da mara laifi duk magana ɗaya za su yi, kai kuma mai kulkin baka da hanyar bambance su. Yaran nan huɗu da na faɗa, ɗaya ɗan'uwan wani ne kamar yadda naka yake. Wani malami ya taɓa karanta mana hadisin Hishamu ɗan Hakim da ya wuce wasu mutane a Sham an tsayar da su a rana akan haraji, yace ya ji Manzon Allah SAW yana cewa Allah zai azabtar da masu azabtar da mutane a duniya. Ranar ban ci abincin dare ba. Ba a ce sai in basu da laifi ba.

Malamar Jinya:

Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri, na kwafe komai. Dakta maganar diclofenac ɗin nan ta hana ni barci jiya amma gara da ka faɗa. Na fasa silaid ɗin da na fara haɗawa guda 40, yanzu abin da zan yi in raba su uku-uku, ɗaya majinyaci ɗaya ɗan sanda ɗaya nas, kowa da kati da rula, a ƙarshe mu karanta katunan a ga wanne Barista za ta iya amfani da shi. Zan ƙara da tabon marin ƙarfe a idon sawu, tunda ba 'yan sanda kaɗai ba ne, duk mun ga ɗaruruwan da aka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019, ga 'yan banga da 'yan sintirin unguwa su ma suna kawo mana nasu.

Abin da har yanzu bai warware min ba shine bayan ta rubuta sai wa? Ta faɗa wa metiron, wato shugabar nas-nas, da safe, toh in metiron tace ba ruwanmu fa, ko a wayi gari katin ya ɓace daga rekod? Ina tunanin in ce su riƙa sawa a littafin rahoton duti ma tunda shi ba a yage masa shafi cikin sauƙi, Barista ko hakan yana da amfani a kotu? Sannan Baba dan Allah in ba nisa ko za ka zo ka yi musu ko minti 20 ne, na tura wa jikan naka saƙo ta ciki.

Baba Mai Ritaya:

Yaron ya nuna min saƙon. In dai ba za a ɗauki hotona a sa a Facebook ba zan zo 'yata. Amma kar ki ba ɗalibi matsayin ɗan sandan, ba zai iya ba dariya za su yi ta yi. Ki bar min shi, ni na san yadda ake tsayawa a kan nas.